Daga Birnin Kebbi Zuwa Argungu, Ƙafa Ta Isa

Mu ne waɗanda kuke gani bayan sallar asuba muna gudu a gefen titi, 'yan kabu-kabu suna yi mana tsiya: "Wa ya koro ku?" Wannan dariyar ba ta dame mu ba. Abin da ya dame mu wata cuta ce da ta shigo cikinmu ta wayar hannu, wato ganin cewa gudu bai zama gudu ba sai mutum ya hau jirgi ya je wata ƙasa, ya dawo da lambar yabo a wuya da hotuna a Facebook.

Tsawon gudun famfalaki kilomita 42.195 ne. Duk wanda ya zarce haka Turawa suna kiran shi altiramaraton. Akwai Comrades a Afirka ta Kudu, wanda ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90. Akwai Marathon des Sables a hamadar Maroko, kimanin kilomita 250 cikin mako guda, tun 1986. Matasanmu sun san waɗannan sunaye kamar sunan unguwarsu, wasu har suna lissafin kuɗin biza. Amma ka tambaye su tazarar da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, sai su tsaya sosa ƙeya. Kimanin kilomita 50 ce. Abin da suke mafarkin tsallaka teku su yi, ga shi nan shimfiɗe a ƙofar gida.

Za a ce mana tafiya mabuɗin ilimi. Gaskiya ne, kuma ba mu haramta wa kowa jirgi ba. Wanda ƙasa ta tura ya wakilce ta, Allah ya ba shi sa'a. Amma mu da muke gudu don lafiya da gwada ƙarfin zuciya, wane dalili ne zai sa mu ƙona man jirgi na dubban kilomita don gudun yini ɗaya? Hayaƙin nan yana cikin abubuwan da ke ɗumama duniya, kuma mu mutanen kwarin Rima muna cikin masu biyan bashin. Ba mu manta ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafar Kebbi ba. A Birtaniya ma wasu manyan 'yan gudu, irin su Jasmin Paris da Damian Hall, sun kafa ƙungiyar Green Runners a 2022, suna kira a rage hawa jirgi da sayen kaya barkatai. Masu abin suna ja da baya, mu kuma muna rububin shiga.

Laifin bai tsaya kan matasa ba. Dubi yadda muke fahimtar girman taro. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gabar Kabi da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Ƙashin bayansa ƙarfin jiki ne: gora da homa a Matan Fada, tseren kwalekwale, nutso, kamun kifi da hannu. Duk da haka, lokacin da aka farfaɗo da shi a 2020 bayan kusan shekara goma ba a yi ba, har da gangamin motoci daga Abuja. An sami wurin injin. Me zai hana a sami wurin ƙafa? Tseren da zai tashi daga filin wasa na Haliru Abdu, ya bi ta Ambursa da Alwasa, ya ƙare a gaban gidan tarihin Kanta, ba ya buƙatar ko rabin abin da jerin gwano ke ci.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ɗaura takalmi gobe ya nufi Argungu. Kilomita 50 ba wasan yara ba ce. Wanda ya saba gudu yana buƙatar wata biyar zuwa shida na shiri. A riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kada ƙarin kowane mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma. A ware rana ɗaya a mako don dogon gudu, a haɗa gudu da tafiya, babu kunya a ciki, don ƙwararru ma haka suke yi. A zaɓi hunturu, Disamba ko Janairu, a tashi da an sallame asuba. Wanda ya ce zai yi a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ransa yake wasa da shi. Da azumi a sassauta. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita. A kan titi kuma a fuskanci motocin da ke tahowa, kada a ba tirela baya.

Abinci ba sai an yi odar sa daga waje ba. Dabino, ayaba, kunu, ruwan gishiri da sukari sun isa, fura kuma ta jira ƙarshen tafiya. A kula, yawan shan ruwa zalla ba gishiri yana iya kayar da mutum kamar yadda ƙishirwa ke yi. Takalmin gwanjo mai kyau da ƙafa ta saba da shi ya fi sabo dal da aka sa ranar tsere.

Sannan maganar leda. Mun ga yadda titi ke komawa bayan kowane taro, fari fat da ledar ruwa. Iska ta kwashe ta zuwa fadama, awaki su ci, magudana su toshe, sauran ta gangara kogin da muke taƙama da kifinsa. A gasar UTMB ta dutsen Mont Blanc kowane ɗan gudu da kofinsa yake zuwa. Mu da muka gaji randa da moɗa da gora ba mu da uzuri. A ajiye randuna a garuruwan hanya, kowa ya cika gorarsa ya wuce. Masu rakiya su hau keke. Baƙi daga Sakkwato, Gusau ko Doso su haɗu a mota ɗaya, su sauka a masaukin gari, su ci abincin gari, kuɗin ya tsaya a hannun mutanen Kabi.

Kakanninmu fatake sun taka har Gwanja da ƙafa don sayo goro. Alhazan da suka gabata sun ratsa Chadi da Sudan a ƙasa. Makiyayi yau ma yana yini yana tafe da sanda da gora, ba mai ba shi lamba. Jikokin waɗannan ne ke jiran a buga musu biza kafin su yarda suna da juriya.

Muna roƙon masu shirya biki da masarautar Argungu su buɗe wa ƙafa ƙofa. In sun buɗe, madalla. In ba su buɗe ba, hunturu mai zuwa za mu tashi da kanmu bayan asuba, kowa da gorarsa. Wanda ya tambaya wa ya koro mu, ya hau kekensa ya biyo mu, sai mu yi maganar a bakin Matan Fada.