Almakashin Da Ke Cikin Jiki: Darasi Daga Rayuwar Alfred Goldberg

Kowace shekara, idan jami'o'i suka fito da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, akan sami gidaje a Sabon Garin Nangere da Potiskum da kewayensu inda murna ke gauraye da ɓacin rai. Yaro ya nemi karatun likita, ya kwana bisa littafi, ga shi an ba shi fannin da ake kira bayokemistiri, watau ilmin sinadaran da ke gudanar da jikin mai rai. Sai ka ji dangi suna zuwa kamar masu jaje, wasu har su ba uba shawarar yaron ya zauna gida ya sake jarrabawa baɗi. To, ya kamata iyaye su san abin da suke rainawa tukuna, domin da yawa daga magungunan da likita ke rubutawa akwai hannun ma'abuta wannan fanni a cikinsu.

Abin da masana fannin suka fi kula da shi shi ne wasu sinadarai da ake kira inzayim, waɗanda ke gaggauta duk wani aiki da ke gudana a jiki. Daga cikinsu akwai wani jinsi, furotiyes, wanda ba shi da aiki sai yanka furotin, watau abin da aka gina tsoka da fata da jijiya da shi. Mutanen ƙasar nan sun daɗe suna amfani da shi ba tare da sanin sunansa ba. Matar da ke naɗe naman tsohon sa a ganyen gwanda domin ya yi laushi, furotiyes ta sa aiki. Haka nan Fulanin Borgu da ƙasar Ilori da ke zuba ruwan tumfafiya cikin madara ta daskare ta zama cuku. Jikin ɗan Adam kansa yana ɗauke da irin waɗannan almakasai fiye da 500: wasu na narka abinci a tumbi, wasu na daskarar da jini idan an ji rauni, wasu kuma na share tsohon nama domin sabo ya sami wuri.

An haifi Alfred Goldberg a garin Providence na ƙasar Amurka cikin shekarar 1942. Shi ma karatun likita ya fara a Jami'ar Harvard, amma ya ajiye shi ya koma ɗakin bincike, ya sami digirinsa na dakta a 1968. Tambayar da ta hana shi sakat kuwa kowane mai jinya ya taɓa yin ta: me ke sa tsoka ta zube idan mutum ya daɗe a kwance, ko ya yi fama da yunwa, ko ciwon daji ya kama shi? A wancan zamani hankalin masana duka yana kan yadda jiki ke gina furotin. Yadda yake rushe shi kuwa, an ɗauke shi tamkar binciken bola, aikin da ba mai neman suna da zai ɓata lokacinsa a kai.

Goldberg ya duƙufa kan bolar. Ya nuna a jikin ɓeraye cewa ramar tsoka ba daga raguwar gini kaɗai take zuwa ba, rushewar ce ke ƙaruwa. Cikin 1977 shi da abokin aikinsa Joseph Etlinger suka tabbatar da cewa a cikin ƙwayar halitta akwai wata hanya ta musamman ta lalata furotin da ya ɓaci, kuma ƙwayar har ƙarfinta take kashewa domin ta gudanar da wannan shara. Daga bisani Avram Hershko da Aaron Ciechanover na Isra'ila, tare da Irwin Rose na Amurka, suka gano cewa ƙwayar takan liƙa wa duk furotin da ƙarshensa ya zo wata 'yar alama mai suna yubikwitin, kamar yadda dillali ke shafa wa dabbar da aka sayar fenti a kara. Injin da ke niƙe mai alamar kuwa, Goldberg da abokansa ne suka raɗa masa suna furotiyasom a 1988. Siffarsa kamar ganga ce mai rami, wuƙaƙen suna daga ciki, ba abin da ke shiga sai wanda aka yi wa alama. Mutanen nan uku sun sami kyautar Nobel a 2004, Goldberg bai shiga cikinsu ba, kuma hakan bai sa ya bar ɗakin bincikensa ba.

A 1993 ya haɗa kai da wasu shaihunan malamai na Harvard suka kafa wani ɗan kamfani, MyoGenics, wanda daga baya ya koma ProScript. Niyyarsu ita ce su sami maganin da zai rage wa injin nan gudu, ko tsokar majinyata ta daina zubewa. Mutane da yawa sun ga wauta a cikin shirin, domin a ganinsu duk wanda ya tsayar da sharar jiki ya kashe mai jikin. Wani masanin harhaɗa magunguna a kamfanin, Julian Adams, ya jagoranci ƙera wani sinadari da aka sa wa suna bortezomib. Kamfanin ya yi ta fama da rashin kuɗi har aka sayar da shi a 1999, maganin kuwa saura ƙiris a jefa shi kwandon mantuwa.

Abin da ya cece shi wata cuta ce da ake kira mayaloma, sankarar da ke tsira a cikin ɓargo. Ƙwayoyin wannan cuta asalinsu masu saƙa garkuwar jiki ne, kuma ko bayan sun lalace ba sa daina saƙar, dare da rana, da yawa daga abin da suke fitarwa kuwa gurɓatacce ne. Saboda haka sun fi kowace ƙwaya dogara ga injin shara. Idan aka toshe shi na ɗan lokaci, lafiyayyar ƙwaya takan jure ta farfaɗo, amma ta sankara sai tarkacenta ya shaƙe ta ta mutu. An gwada maganin kan mutum 202 waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, kimanin kashi 35 cikin ɗari suka sami sauƙi. A watan Mayu na 2003 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Velcade, shekara 35 bayan digirin Goldberg. Lalle mai haƙuri shi ke dafa dutse. Maganin ba ya raba mutum da cutar kwata-kwata, kuma yakan jawo zafi ko mutuwar yatsun hannu da na ƙafa, amma ya ƙara wa dubban majinyata shekaru. Goldberg ya rasu a watan Afrilu na 2023 yana da shekara 80.

Kada mai karatu ya ɗauka kowace rijiya aka haƙa a wannan fage ta ba da ruwa. Tun 1962 Jerome Gross da Charles Lapiere suka gano almakashin da ke narkar da wutsiyar talibambam sa'ad da zai zama kwaɗo. A 1980 Lance Liotta ya nuna cewa ciwon daji da irin wannan almakashi yake huda shingen da ke kewaye da shi, ya shiga jini ya bazu. Kamfanoni suka zuba dukiya mai yawa wajen neman maganin toshe shi, mafi shahara shi ne marimastat na wani kamfanin Ingila. Da aka gwada shi a ƙarshen shekarun 1990 bai tsawaita ran majinyata yadda aka zata ba, sai ma ciwon gaɓoɓi da ya jawo musu. Daga baya aka fahimci cewa dangin almakasan nan sun haura 20 a jikin mutum, kuma wasunsu taimakon jiki suke yi wajen yaƙar cutar. Maganin ya haɗa mai laifi da marar laifi ya ɗaure.

Nan ne ya wajaba a ja kunnen jama'a game da masu tallar ganyen gwanda da makamantansa a kasuwanni da motocin lasifika, suna cewa yana cinye sankara kamar yadda yake laushin nama. Wannan zato ba sabo ba ne. Wani malami a Jami'ar Edinburgh, John Beard, ya yi irinsa a farkon ƙarnin da ya wuce, bai yi nasara ba. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a Amurka cikin 2010, masu wani irin ciwon daji na ciki da suka zaɓi shan inzayim sun rayu kimanin wata 4, alhali waɗanda suka karɓi maganin asibiti sun kai wata 14.

Mayaloma ba cutar Turawa ba ce. Ƙididdiga a Amurka ta nuna tana kama baƙar fata kusan ninki biyu na yadda take kama farar fata. Alamunta kuwa masu ruɗi ne: ciwon baya ko na ƙashi da ya ƙi jin magani, ƙarancin jini, yawan kasala, karaya ba tare da wani babban dalili ba, wani lokaci har lalacewar ƙoda. Dattijo a ƙauye yakan shekara ana kai shi wurin maɗori ko ana ce masa sanyin ƙashi ne, alhali gwajin jini da na fitsari da hoton ƙashi za su iya nuna hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa bortezomib cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba tun 2019, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin manomin gero.

Arewa ba ta rasa nata gwanayen ba. Marigayi Shehun Malami Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya ƙarar da rayuwarsa kan wani inzayim da ƙwayar cutar sammore ke lalata jinin shanu da shi, aikin da ya ba shi babbar kyautar kimiyya ta Nijeriya a 2009. Ya rasu a 2017. Duk mai hulɗa da kasuwar shanu ta Potiskum ya san darajar irin wannan bincike. A 2021 kuma aka buɗe cibiyar bincike da horarwa kan kimiyyar lafiya a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, bisa jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan asalin jihar. Ashe yaron Nangere mai sha'awar wannan fanni yana da inda zai fara a cikin jiharsa.

Abin da ya rage shi ne kowa ya ɗauki nasa kayan. Gwamnatoci su san cewa bincike ba noman rani ba ne da za a shuka a girbe cikin wata uku; yana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, da kayan aiki, da kuɗin da ba zai tsaya ba idan mulki ya canza hannu. Shugabannin makarantun sakandare su tabbatar ɗalibi ya taɓa kwalbar gwaji da hannunsa kafin ranar jarrabawa. Masu hannu da shuni su tuna cewa ɗaukar nauyin mai bincike ɗaya sadaka ce mai gudana. Iyaye kuma, idan aka ba ɗansu ko 'yarsu bayokemistiri, su sa albarka su yi rakiya zuwa tasha da farin ciki. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kuma buɗa wa masu neman ilmi.