Gangar Lantarki, Da Abin Da Mai Saye Zai Duba

Maganar yau a kan gangunan lantarki ta ke, watau jerin gangunan Turawa da samari ke matsa wa iyayensu su saya musu domin koyon kiɗa a gida. Hukuncin kiɗa kansa malamai sun daɗe suna zantawa a kai, ba kuwa nan ne wurin yanke shi ba. Wanda a ke nufi da wannan jawabi shi ne mutumin da ya riga ya ƙudurta saye, ko falken da zai kawo su kasuwa, don kada ya zubar da dukiyarsa, kada kuma ya ɓata da maƙwabcinsa.

Ita wannan ganga ba ta da ciki mai amo irin na gangar itace. A ƙarƙashin fuskarta akwai wani ɗan faifai wanda in ya girgiza ya kan fid da wuta kaɗan. Wutar ta bi waya zuwa akwatin sauti, akwatin ya auna ƙarfin dukan, sa'an nan ya aika da muryar ganga zuwa lasifikar kunne. Ashe ke nan abu biyu a ke saye, fuskar da a ke duka da akwatin da ke amsawa. Dillalai akwatin su ke yabo, gama shi ke da fitilu da maɓallai. Amma hannun mai koyo a kan fuskar ya ke wuni.

Tarihin abin ya isa shaida. A 1981 kamfanin Simmons na Ingila ya fito da SDS-V mai kusurwa shida, ta yi suna ƙwarai, amma fuskarta tauri gare ta, har makaɗa suka riƙa kukan ciwon wuyan hannu. Bayan haka roba ta yi yayi. Sai a 1997 kamfanin Roland na Japan ya kawo V-Drums mai fuskar raga, wadda ya yi tare da kamfanin Remo na Amurka, masu yin fatun ganguna. Raga a kan ɗaure ta ko a sassauta da mabuɗi kamar fatar gangar gaske, tana mayar da sanda cikin laushi, ƙararta kuwa ba ta kai ta roba ba. Da can sai mai hali ke iya sayenta, amma tun da Alesis ya fito da Nitro Mesh a 2018 raga ta sauko wurin masu ƙaramin ƙarfi. Yamaha kuma yana da fuskar silikon mai taushi a cikin jerin DTX. Saboda haka wanda ya sayi roba zalla domin ragin 'yan kuɗi kaɗan, lalle bai yi ciniki ba. In kuɗi sun gaza, a ƙalla ƙaramar gangar tsakiya, wadda ta fi shan duka, ta zama ta raga.

Sa'an nan a dubi faɗi. Waccan gangar tsakiya a jeri na gaske inci 14 ce galibi, ta lantarki mai araha kuwa inci 8. Yaron da ya saba da ƙarama hannuwansa kan matsu wuri ɗaya, ran da ya zauna gaban ta gaske sai ya ji kamar baƙo. A nemi mai inci 10 ko 12, wadda kuma ke rarrabe dukan tsakiya da na baki. Faifan da ke madadin tagulla su ma a gwada, a ga ko muryarsu na ɗaukewa in an kama bakinsu da hannu.

Amma yawan muryoyi, ko ɗari nawa dillali ya ƙirga, ba abin ɗaga kai ba ne. Mai koyo da jeri ɗaya ko biyu ya ke zama. Abin da ya fi amfani a akwatin shi ne agogon ƙidayar bugu, da kafar da za a haɗa waya a yi kiɗa tare da waƙa, da kafar USB ta kwamfuta. Akwatin kirki kuma shi ne wanda in an taɓa a hankali ya amsa a hankali, in an daka ya amsa da ƙarfi. Wannan ba a saninsa a takarda, gani ya kori ji.

To, ga inda maganar ta fi nauyi. Masu talla kan ce gangar lantarki ba ta damun kowa. Rabin gaskiya ne. Muryar ganga tana cikin kunnen mai kiɗa, amma ƙwanƙwasar sanda tana cikin ɗaki, dukan ƙafa kuwa yana cikin daɓe. Kowane taku na fedar babbar ganga ya kan ratsa ƙasa ya bi gini, wanda ke ƙarƙashin bene ya ji kamar ana daka a bisa kansa, alhali mai kiɗan yana zaton ba wanda ya san yana nan. Darduma ba ta maganin wannan. Makaɗan da ke zaune a benayen Turai sun saba da wata dabara: a sami faffaɗan katako biyu, a huda su, a jera ƙwallayen tanis a tsakaninsu, a ɗora kayan duka a kai. Akwai kuma feda marar guduma, wadda ta fi shiru, sai dai ba ta horar da ƙafa kamar mai guduma. Mazaunin ƙasa ya ɗauki mai guduma, mazaunin bene ya yi shawara da na ƙasa da shi tun kafin ya biya. Haƙƙin maƙwabci ba sai an karanta wa malamai shi ba, kuma majinyaci da mai jego da mai tilawa bayan asuba duk suna bayan bango ɗaya.

Kunnen yaron ma amana ne. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyakar ƙara a desibel 85 na sa'a 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Lasifikar kunne in an ƙure ta tana wuce haka nesa, jin da ya tafi kuwa ba ya komowa.

Saura falke mai kawo na hannu. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100, ta Nijeriya kuwa 230. A karanta abin da aka rubuta a jikin adafta kafin a soka, gama wadda ba ta ɗaukar 230 nan take za ta ƙone, wani lokaci har da akwatin. Yawancin masu araha wayoyinsu duka a kai ɗaya su ke haɗuwa, in wannan damin ya ɓace ko ya tsinke, sai an nemo irinsa daidai. A buga kowace fuska tsakiya da gefe, a saurari wadda ke ɗauke murya. A tambaya kuma ko feda da kujera da lasifikar kunne suna cikin kwali, domin sau da yawa dabam a ke sayar da su, a ƙidaya kuɗinsu tun kafin a sallama.