Takin nano: wa zai gwada mana shi a ƙasar Jazira?

A 2021 ƙungiyar IFFCO ta Indiya ta fito da takin yuriya na ruwa mai suna nano, saboda ƙanƙantar ƙwayoyinsa. Ta ce kwalba mai rabin lita za ta yi aikin buhu guda. Amma da Jami'ar Noma ta Punjab ta gwada shi a alkama da shinkafa, sai amfanin ya ragu.

Kun ga ke nan ƙirƙira murhu ce mai duwatsu uku: masanin da ya gano, masana'antar da ta sarrafa, da mai gwajin da ba shi da ko sisi a cinikin.

Dutsenmu na uku yana Madani: Hukumar Binciken Noma da Jami'ar Jazira. Tun da yaƙi ya shiga garin a Disamba 2023 aka wawashe ɗakunan gwaji, masana suka watse. Sojoji sun dawo a Janairu 2025, amma gyara sai a hankali.

To, in irin wannan kwalba ta iso kasuwar Rufa'a, ɗan'uwa, ka tambaya: wa ya gwada ta a baƙin laka irin namu? In babu amsa, fesa kunya biyu tukuna, kar ka jefa hawasharka duka.