Wa Ke Riƙe Da Makullin Manhajarka?

Jama'a, wata sabuwar kasuwa ta ci a cikin wayoyinmu, kuma babbar hajarta ita ce lalaci. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga zangon Kumasi zuwa Garwa, duk mai leƙa TikTok ko rukunonin WhatsApp ya ci karo da masu tallar. Wannan ya ce ka biya shi, cikin mako guda ya koya maka gina manhajar intanet ba tare da ka rubuta ko harafi ɗaya na umarnin kwamfuta ba. Wancan ya ce ai wannan tsohon yayi ne, yanzu ƙirƙirarriyar basira ta zo, kai dai faɗa mata abin da kake so, kafin shayinka ya huce ta gama. Suna ta musu kan wa ya fi wani sauri, mu kuma muna tafa musu. Ni kuwa cewa nake yi dukansu sun ɓoye mana tambayar da ta fi kowace nauyi: idan an gama ginin, wa ke riƙe da makulli, kuma wa zai hau sama ranar da rufi ya fara yoyo?

Bari mu fara bambance su, don mai karatu ya san abin da ake jayayya a kansa. Kowace manhaja tana tsaye ne a kan rubutun umarni da masu sana'ar ke kira kod. Hanya ta farko, wadda zan kira ja-ka-ajiye, tana ɓoye maka wannan rubutu gaba ɗaya. Kamfani ya riga ya ƙera tubala: ga maɓalli, ga akwatin rubuta suna, ga jadawali. Kai kuma ka jawo su ka jera. Irin su ne Bubble da Webflow da Glide, wanda ke iya mayar da jadawalin Google Sheets ya zama manhaja. Hanya ta biyu ita ce ta ƙirƙirarriyar basira. Nan ana rubuta kod ɗin sosai, sai dai na'ura ce ke rubutawa bisa bayanin da ka yi mata. GitHub Copilot ya fito a 2021, ChatGPT ya biyo a ƙarshen Nuwamban 2022, sannan irin su Cursor da Lovable da Bolt suka cika fili, Replit ma ya shiga sahu.

To, ja-ka-ajiye gidan haya ne. Gida ne mai kyau, an share, an yi fenti, an jawo ruwa da wuta, amma takardar fili tana hannun wani. Bubble, wanda aka kafa a birnin New York a 2012, ba ya ba ka damar kwashe kod ɗin manhajarka ka kai wani wuri. Bayananka kana iya fitar da su, amma tsarin da ka ɓata watanni kana jerawa yana nan inda ka gina shi. Webflow yakan bari ka ɗauki fuskar shafin, sai dai sassan da ke aiki a bayan fage ba sa bin ka. Ma'ana, ranar da ka yi fushi ka ce za ka tashi, da tabarmarka da butarka kawai za ka fita.

Mai gida kuma yana ƙara kuɗin haya lokacin da ya ga dama. A 2023 Bubble ya sauya tsarin farashinsa, ya koma caji bisa yawan aikin da manhaja ke sa kwamfutocinsa, masu amfani da shi suka yi ta ƙorafi domin lissafin da suka ɗora kasuwancinsu a kai ya rushe. Wani lokacin ma rushe gidan ake yi baki ɗaya. Google ya rufe App Maker a 2021. Amazon ya fito da Honeycode a 2020 da alƙawarin kowa zai gina manhaja ba tare da kod ba, ya kuma rufe shi a 2024. Waɗannan fa ba ƙananan kamfanoni ba ne da za a ce jari ne ya ƙare musu. Lissafin riba suka yi, suka ga bai fita ba, suka ja ƙofa. Idan Amazon bai ji kunyar tashin ƴan hayarsa ba, wa ya gaya maka wani zai ji kunyar ƙungiyar manoman albasa ta Galmi? Hausawa sun riga sun gama magana: kayan aro ba ya rufe katara.

Sannan tubalan nan ba don mu aka ƙera su ba. Je ka duba sashen karɓar kuɗi a yawancinsu, Stripe da PayPal za ka fara gani, alhali Stripe ba ya buɗe wa ɗan kasuwar Nijar ko Chadi asusu. Mutanenmu da Airtel Money da Moov Money suke biya, a Ghana kuma MTN MoMo ne ke ci. Don ka haɗa waɗannan da manhajarka, sai ka fahimci yadda manhaja ke aika wa wata manhaja saƙo, wato ilimin nan da aka yi maka alƙawarin ba ka buƙatarsa. Haka batun harshe. Wasu salon rubutun da ake ɗorawa a shafukan nan ba su san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba, sai ka ga sunan Ɗanladi ya fito da harafin farko a karkace ko da ɗan akwati a madadinsa. Balle a zo ga ajami da ke tafiya daga dama zuwa hagu. Ga kuma nauyin shafi: abin da ke buɗewa cikin ƙiftawar ido a Paris yana iya cinye datar mai waya a ƙauye kafin ya nuna masa komai.

Duk da haka ba zan zalunci ja-ka-ajiye ba. Idan abin da kake so shi ne fam ɗin rajistar mahalarta taro, ko jerin kayan shago da farashinsu, ko shafin sanar da gasar rubutu da za a gama cikin wata biyu, to shiga gidan hayar, ba laifi. Matafiyi ba ya gina gida don kwana uku. Kamfanin ne ke kula da kwamfutocin da ke riƙe da manhajar, shi ke toshe wasu ƙofofin ɓarayi, kuma wannan hidima ce ta gaske. Rigimata da mai tallar da ke ce wa matashi ya ɗora sana'ar rayuwarsa a kan filin da ba nasa ba, ba tare da ya gaya masa haka ba.

Yanzu mu juya ga ɗaya ɓangaren, inda aka fi kaɗa ganga. Fifikon ƙirƙirarriyar basira a fili yake, kuma saboda shi ne na karkata gare ta: kod ɗin da ta rubuta yana zama a hannunka. Kana iya adana shi a kwamfutarka ko a GitHub, ka ɗora shi a inda ya fi maka araha, ka miƙa wa wani masani a Yamai ko Kano ya gyara. Idan kamfanin da ya taya ka rubutawa ya tsawwala farashi ko ya mutu, ginin yana nan. Kana iya sa ta zaɓi salon rubutu mai haruffanmu masu lanƙwasa, ta rage wa shafi nauyi, ta taya ka haɗawa da hanyar biyan kuɗi ta gida.

Amma wane irin magini ne wannan? Magini ne mai zafin nama, mai daɗin baki, wanda da wuya ya ce maka bai sani ba. Yana iya ƙirƙiro sunan wani kayan aiki da babu shi, ya faɗe shi da ƙarfin gwiwa. A aikinmu na rediyo mun san irin wannan wakili: rahotonsa ya fi na kowa daɗin saurare, shi ya sa edita ke tantance shi sau biyu kafin a sa a iska. Wanda bai iya karanta kod ba ya zama editan da bai jin harshen da aka aiko rahoton da shi. Abin da kawai zai iya dubawa shi ne ko shafin ya buɗe, ko maɓallin ya yi aiki. Ɓaraka kuwa ba a fuskar gini take zama ba, tana can cikin harsashi.

Misalai suna nan. A watan Yulin 2025 wani sanannen ɗan kasuwar manhaja a Amurka, Jason Lemkin, ya bayyana cewa na'urar Replit ta goge masa rumbun bayanai duk da ya umarce ta kada ta taɓa komai, har shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya amsa cewa hakan bai dace ba. A wannan shekarar ce kuma masu bincike suka gano manhajoji fiye da ɗari da aka gina da Lovable, kamfanin ƙasar Suwidin, waɗanda aka bar rumbunan bayanansu ba tare da ƙa'idar da ke hana wani ganin bayanan wani ba. Manhajojin suna aiki, masu su suna murna, ƙofar baya kuwa a buɗe.

Yanzu ka ɗauko wannan ka kawo gida. A ce matan wata unguwa masu adashi sun sa an gina musu manhaja: sunan kowace, lambar wayarta, abin da ta zuba, bashin da ake bin ta. Ko makarantar islamiyya mai riƙe da sunayen yara da hotunansu. Ko ƙaramin asibiti. Idan waɗannan bayanai suka fita, ba kamfanin Amurka ko na Suwidin za a nema ba. Yaron unguwar da ya karɓi kuɗin aikin za a nema, kuma kunyar da ta fita ba ta komawa. Hukuma ma tana da ta cewa: Ghana ta yi dokar kare bayanan jama'a tun 2012, Nijar a 2017, Najeriya a 2023. Babu alƙalin da zai saurari uzurin cewa na'ura ce ta rubuta.

Kada kuma a yaudare mu da batun araha. Hanyoyin biyu duk da dalar Amurka ake biyansu, ba dalarmu ta kasuwa ba. ChatGPT na biya dala 20 ne a wata, wanda ya haura sefa 10,000, ga kuɗin data, ga kuɗin wurin da za a ɗora manhajar, ga wahalar samun katin bankin da zai yi aiki a waje. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana kuɗarsu bayan an saki naira a 2023, lokacin da duk abin da ake biya da dala ya yi tashin gwauron zabo. Mai tallar kwas ba ya kawo wannan lissafi, domin shi ribarsa ta ƙare ne a ranar da ka biya kuɗin rajista.

Na san abin da za a ce da ni. Za a ce ina tare wa talaka ƙofa, ina so ilimi ya ci gaba da zama a hannun ƴan tsiraru, alhali waɗannan kayan aiki sun zo ne su ƴantar da mu. Za a ce direba ba sai ya zama makaniki ba. Gaskiya ne, amma duk direban da ke bin hanyar Agadas ya san duba mai da ruwa, ya san sauya taya, ya san ƙarar injin da ba ta da lafiya. Wanda bai san waɗannan ba, babu mai hankalin da zai ba shi fasinja. Abin da nake nema ke nan, ban ce kowa ya yi digiri ba. Kuma mai tare ƙofa na gaskiya shi ne wanda ke ce wa matashi kada ya koya, domin wanda bai koya ba zai dawwama yana biyan wanda ya koya.

Abin takaicin ma shi ne, ba a taɓa samun lokacin da koyon ya yi sauƙi kamar yanzu ba. Na'urar da ke rubuta maka kod ita ce kuma za ta iya yi maka bayaninsa layi bayan layi, sau goma in ka so, ba gajiya ba tsawa. Matashin da ya ware ƴan watanni ya fahimci HTML da CSS da tushen JavaScript, ya san yadda rumbun bayanai ke aiki, ya san dalilin da ya sa ba a ajiye kalmar sirri a fili, ya riga ya fita daga sahun masu sa hannu a takardar da ba su karanta ba.

Saboda haka ga matsayata. Aiki ƙarami, na ɗan lokaci, wanda babu kuɗin mutane ko sirrinsu a ciki, a yi shi da ja-ka-ajiye, amma a riƙa fitar da kwafin bayanai ana adanawa. Aikin da ake son ya daɗe ya girma, a gina shi da taimakon ƙirƙirarriyar basira, kod ɗin ya zauna a hannun mai shi, kuma kada a buɗe wa jama'a sai wanda ya iya karatun kod ya duba. Shugabannin ƙungiyoyi da makarantu kuma, kafin ku biya kowa, ku yi masa tambaya uku: a ina bayananmu za su zauna kuma wa ke iya ganinsu? Idan muka rabu da kai ko da kamfanin, me za mu tafi da shi? Nawa za mu riƙa biya duk wata, kuma da wane kuɗi? Wanda ya fara kame-kame a kan ɗaya daga cikinsu, ku riƙe kuɗinku.

Ku kuma masu tallar kwas, ba na hana ku neman halal. Ku dai faɗa wa ɗalibanku cewa wannan haya ce, wancan kuma gini ne da ke buƙatar dubawa. Matasanmu ba rago ba ne, gaskiya kawai suke buƙata daga bakinku kafin su miƙo kuɗin da iyayensu suka tara da gumi.