Hannun Da Muka Ƙi Kamawa

Masu iya magana sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa. Tun muna yara muke jin wannan karin magana, muna kuma maimaita shi ba tare da mun tsaya mun auna nauyin abin da ke cikinsa ba. Ga yaro lafiyayye, bai yi wa kowa laifi ba, amma jama'a ta yanke masa zaman jiran shekara arba'in kafin ta yarda da shi. A wannan fitowa ta mujallarmu muna so mu yi magana a kan wannan zaman jira, da kuma rabon da mu ɗalibai Kirista muke da shi cikin laifin. 'Yan'uwanmu Musulmi, waɗanda muke kwana ɗaki ɗaya da su, muke cin abinci kwano ɗaya, ga tabarma nan su ma su zauna, gama maganar maƙwabci ba ta bar kowa ba.

Abin da ya ta da zancen wata ziyara ce da zumuntarmu ta ɗalibai ta kai unguwar masu fama da kuturta gab da hutun Kirsimeti. Mun yi shiri sosai. Muka tafi da buhun shinkafa, da sabulu, da kwancen tufafi. Muka rera waƙoƙi, aka yi doguwar addu'a, aka ɗauki hotuna. Da muka tashi tafiya, sai wani dattijo da ya yi ta yi mana tafi tun farko ya matso, ya miƙa wa shugabanmu hannunsa, wanda yatsu biyu kaɗai suka rage a jiki. Shugaban namu ya dunƙule nasa hannu, ya rusuna, ya yi jinjina, ya ce, "Baba, mun gode, sai wani jiƙon." Mu ma duk muka bi sahu. Dattijon ya mai da hannunsa cikin riga, ya yi murmushi, ya ce, "'Ya'yana, ai na warke tun ba a haife ku ba. Ba kome. Allah ya yi muku albarka, ku gai da gida."

Har muka iso makaranta babu wanda ya buɗe baki cikin motar. Kowa ya san shinkafa ta isa inda aka aike ta, amma abin da mutumin ya roƙa ba mu ba shi ba, alhali kuwa ko kwabo ba zai ci mana ba.

To, bari mu waiwaya baya kaɗan, don mu san ko 'ya'yan wane ne mu. A shekarar 1923 Turawan mishan na ikkilisiyar 'Yan'uwa suka sauka Garkida, kafin shekaru goma su cika sun buɗe mazaunin jiyyar masu kuturta a can. A cikin shekarun 1930 kuma aka yi shawara tsakanin gwamnatin mulkin mallaka da hukumomin En'e da ƙungiyoyin mishan, aka danƙa wa mishan aikin jiyyar kuturta a lardunan Arewa. Ta haka SIM ta riƙe Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga kusa da Katsina, da Amanawa kusa da Sakkwato, SUM kuma ta riƙe Molai kusa da Maiduguri. Daga baya aikin ya ƙetara iyaka har Danja, kusa da Maraɗi. Duk wanda ya ji sunan Yadakunya ya san abin da ake nufi: wurin da mutum zai ya da kunyar da duniya ta ɗora masa.

Abin lura a nan shi ne, lokacin da aka fara wannan aiki babu maganin kirki. Abin da ake da shi man wani itacen ƙasar Indiya ne, ana yin allurarsa cikin fata, ga zafi ga ƙarancin amfani. Ko da yake tun 1873 likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar cutar, ba a tabbatar da yadda take yaɗuwa ba. Watau duk wanda ya durƙusa yana wanke gyambon majiyyaci a wancan zamani bai san abin da zai same shi bayan shekara goma ba. Kuma kada mu ɗauka Turawa ne kaɗai. Yawancin hannuwan da suka yi wankin gyambo, da ɗaurin bandeji, da rabon magani ƙauye ƙauye a kan keke, hannuwan mutanenmu ne, da yawansu ma majiyyata ne da suka sami sauƙi aka koya musu aikin. Ba a rubuta sunayensu a jikin gini ba. A Uzuakoli ta ƙasar Ibo, inda aka yi gwaje-gwajen da suka taimaka wajen tabbatar da ƙwayar dafson a ƙarshen shekarun 1940, akwai Ikoli Harcourt Whyte, majiyyaci mai tsara waƙoƙin sujada, wanda bayan ya warke ya zaɓi ya ci gaba da zama tare da 'yan'uwansa, yana koyar da su waƙa har rasuwarsa a 1977. Wannan shi ne dogara ga Allah kamar yadda magabatanmu suka fahimce shi: ka yi abin da ya wajaba a kanka ga mutumin da ke gabanka, abin da zai biyo baya ka bar wa Mai Duka.

Mu fa, me muke tsoro? Mu ne masu ilmin da su ba su samu ba. Mun san kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba gado ba ce, ba sammu ba, ba kuma la'ana ba. Mun san wajen mutum 95 cikin 100 jikinsu na da garkuwar da ke hana su kamuwa ko da sun haɗu da ita. Tana yaɗuwa ne ta ɗigon majina da yawu, bayan doguwar cuɗanya ta watanni da wanda bai fara shan magani ba. Ba a ɗaukarta ta musafaha, ko zama kujera ɗaya, ko cin tuwo tare. Yatsun da muke gani sun gutsure ba zubewa suke yi haka kawai ba. Cutar jijiyoyi take kashewa, sai mutum ya daina jin zafi, ya ƙone a murhu ko ya taka ƙaya bai sani ba, ciwo ya ruɓe. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma ake ba da su kyauta: wata 6 ga mai ƙaramar cuta, wata 12 ga mai babba. Da zarar mutum ya fara sha, ya daina yaɗa ta. Dattijon nan da ya miƙo mana hannu bai da wata ƙwayar cuta da zai ba mu. Tabo ne kawai ya rage masa. Ashe ba cuta muka guda ba, ƙyama ce muka tafi da ita cikin mota tare da buhun shinkafa, muka kuma komo da abarmu.

Ga wanda ke zuwa sujada kowace Lahadi, wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne. A sura ta 8 ta Bisharar Matiyu an jera labari biyu kusa da juna. Na farko na wani mai kuturta ne da ya zo wurin Yesu Almasihu, na biyu na bawan wani hafsan sojan Roma ne da ke kwance a gida. Bawan nan daga nesa aka warkar da shi, da magana kaɗai. Amma mai kuturtar, wanda Littafin Firistoci ya ajiye irinsa a bayan zango, shi ne aka miƙa hannu aka taɓa. Wanda ya iya warkarwa daga nesa bai rasa yadda zai yi ba. Ya taɓa shi ne don ya san akwai ciwon da ya fi na fata zurfi, ciwon mutumin da ya shekara da shekaru babu wanda ya dafa kafaɗarsa. Masana sun ce kalmar kuturta a Littafi Mai Tsarki ta ƙunshi cututtukan fata iri iri, amma wariyar dai ita ce, ba ta sake ba. Wasiƙar Yakubu kuma ba ta rage mana wurin ɓuya ba, gama ta nuna bangaskiyar da ke sallamar mabukaci da fatar baki ba ta da rai.

Mun san akwai masu cewa, ai mishan ba don Allah kaɗai suka yi ba, magani suka sa a bakin ƙugiya don su kamo mutane zuwa addininsu. Ba za mu share wannan magana da tsintsiya ɗaya ba. Gaskiya ne wa'azi na cikin manufarsu, ba su kuwa ɓoye ba. Gaskiya ne kuma sarakuna da malamai sun yi ta nuna damuwa, musamman a kan yaran da ke girma a waɗannan wurare nesa da danginsu. Duk inda aka sa majiyyaci ya ji kamar sai ya sake addini za a dube shi da kyau, an ci amanar aikin, an kuma ci amanar Ubangijin da aka ce don shi ake yi. Jinƙan da ke da farashi ciniki ne. Amma fa kada gyaran gira ya jawo tsiyayar ido. Dubban mutane sun shiga wuraren nan Musulmi, sun warke, sun koma gida Musulmi da ƙafafunsu. Darasin da za mu ɗauka shi ne mu tsarkake niyya, mu kama hannun maƙwabci don shi mutum ne da Allah ya halitta, ko zai taka ƙofar majami'armu ko ba zai taka ba har abada.

Akwai kuma wani kuskure da ya fi kusa da gida. Ya zama ruwan dare a ji mai wa'azi yana nuna wa jama'a cewa shan magani alamar raunin bangaskiya ce. Wanda ya sa majiyyaci ya ajiye ƙwayoyinsa a wata na uku don an yi masa addu'a, ya sani yatsun da za su tafi suna wuyansa. Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Magabatan da muka ambata sun yi addu'a da safe, sun yi allura da hantsi, ba su ga saɓani tsakanin biyun ba.

Kada wani ya ce zancen ya wuce. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin da cutar ta sauka ƙasa da mutum 1 cikin 10,000, sai aka yi ta murna kamar an binne ta. Amma har yanzu ana samun sababbin masu kamuwa fiye da 1,000 kowace shekara a ƙasar nan, har da yara, a duniya kuwa wajen 200,000. Da yawa ba sa zuwa asibiti sai hannu ya riga ya lalace, domin tsoron a ji a gari ya fi musu tsoron cutar. Daɗin daɗawa, daga 2024 zuwa watan Maris na 2025 maganin ya yanke a ƙasar nan kusan shekara guda, saboda tsaikon takardun gwaji da na izinin shigo da shi. Ku ji fa, ya ku ma'aikata matasa, da mu da za mu bi bayanku gobe: magani kyauta ne, yana nan a ajiye, takarda ce ta tsaya a kan tebur, jijiyoyin mutane kuwa ba su tsaya jiranta ba. Fayil ɗin da ke gabanka da ƙarfe biyu na rana, wanda kake cewa a bari sai Litinin, watakila yatsun wani ne a ciki. Aminci ga Allah yana farawa daga nan, tun kafin a kai ga bagade.

Me ya rage mana? Abubuwa ne da ba su fi ƙarfin ɗalibi ba. In mun je hutu ƙauyukanmu, mu gaya wa iyaye da ƙanne cewa duk tabon da ya yi fari-fari ko ja-ja a fata, wanda in an shafa masa auduga mutum ba ya ji, a kai shi asibiti tun da wuri, magani kyauta ne. Mu da za mu zama malaman makaranta, kada mu yarda a ware wa ɗan mai kuturta benci shi kaɗai. In ƙanwarmu ta kawo manemi aka ce kakansa ya yi cutar, mu ne masu ilmin gidan, mu buɗe baki. Zumuntarmu kuma, maimakon ziyarar shekara shekara mai hoto, ta ɗauki unguwa ɗaya ta riƙa zuwa kowane wata, ɗaliban likitanci su duba ƙafafu da idanu, saura su taya yara karatu. Zumunta a ƙafa take. A nan za mu iya koyi da iyayenmu na Zumuntar Mata, waɗanda ba su da digiri, amma babu gidan rashin lafiya ko na makoki da ba a ganin zanensu. Za mu iya kuma haɗa hannu da 'yan'uwanmu Musulmi, waɗanda sadakarsu ta Juma'a ta daɗe tana riƙe da waɗannan bayin Allah, mu tuna wa juna cewa sadakar da aka miƙa hannu da hannu ta fi wadda aka jefa cikin ƙoƙo daga tagar mota. Lahadin ƙarshe ta watan Janairu ita ce ranar tunawa da masu kuturta ta duniya tun 1954. Ƙungiyar ɗalibai na iya sa ta cikin tsarin shekararta.

Mu dai mun yanke shawara za mu koma. Ba za mu ɗauki buhu ba a wannan karo, ba kuma mai ɗaukar hoto. Za mu nemi dattijon nan, mu durƙusa mu ce, "Baba, mun yi kuskure, a gafarce mu," sa'an nan mu kama hannun nan mai yatsu biyu da hannuwanmu duka biyu. In ya sa a kawo fura, za mu sha da ludayinsa. Muna roƙon Allah ya sa mu same shi da rai, ya kuma ba mu zuciyar da ba ta sa ɗan kowa jiran shekara arba'in. Amin.