Ranar Iyaye Mata A Makarantun Katolika

Kowace shekara mabiya ɗarikar Katolika a Nijeriya sukan keɓe wata Lahadi domin girmama iyaye mata. Makarantunsu ma sukan shirya nasu bikin, yara su hau dandali su yi waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Lalle mun yaba da wannan al'ada, gama yaron da ya saba tsayawa gaban jama'a ba ya rawar baki in ya girma.

Amma fa akwai abin dubawa. Sau da yawa wasan duka da Turanci a ke yinsa, alhali kuwa yawancin matan da aka taru dominsu a ƙauyukan Kudancin Kaduna da Filato 'yan Zumuntar Mata ne, waɗanda da Hausa su ke raira waƙa a coci, da ganga da tulu. Uwa ta sayar da dawarta ta biya kuɗin makaranta, ga ta zaune a benci tana tafi, ba ta san abin da ɗiyarta ta faɗa ba sai ta ji ana dariya.

Ikilisiya kanta ta warware irin wannan tun tuni. Babban Taron Vatikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe hanya a yi sujada da harshen mutane maimakon Latin kaɗai. To, in Fada ya sauko, me zai hana hedimasta? Ba mu ce a yar da Turanci ba, jarrabawa tana nan tana jira. Roƙonmu dai ga malamai shi ne, ranar nan guda su bar wasa ɗaya ko biyu a yi shi da Hausa, ko Tyap, ko Birom, kuma a zaunar da iyaye mata a layin gaba, manyan baƙi su koma bayansu.