Laifin Tafo na waye?

A Fabrairun 2016, muna ƙanana, rikici ya ɓarke a Old Tafo, nan kusa da mu, tsakanin samarin Zango da mutanen sarkin gari a kan katangar maƙabarta. An rasa rai, an farfasa shaguna da motoci, gwamnati ta sa dokar hana fita. Yayyenmu sun ce a trotro da Kejetia magana ɗaya ake yi musu: "Ai haka Musulmi suke."

A 2019 kuma Limamin Ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana dab da cika shekara 100, ya shiga cocin Christ the King a Ankara ranar Ista, ya gaida Kiristoci. Me aka ce? "Tsohon nan mutumin kirki ne." To kun gani? Kirki na tsoho, laifi na addini. Wallahi wannan ba adalci ba ne.

Amma fa mu ma mudu biyu muke awo da shi. In an yabi Shehu sai mu ce tarbiyyar Musulunci ce. In an ambaci Tafo sai mu ce ba ruwan addini, zafin kan samari ne. Addini bai ce a fasa shagon kowa ba, wannan haka yake. Sai dai da yawa cikin samarin nan sun riƙe allo kamar mu, sun zauna gaban malam kamar mu. Batone mai shago bai taɓa buɗe Ahalari ba. Jallabiya da hula ya gani lokacin da dutse ya faɗo masa, irin waɗanda muke sawa kullum mu bi ta ƙofarsa zuwa makaranta.